Wa Ke Riƙe da Linzami? Renon Matasan Mayaƙa a Ƙasar Zamfara

Ranar 31 ga Janairu 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau. Matasa ne sama da 2,600, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 na jihar domin su taya jami'an tsaro kare garuruwansu daga 'yan bindiga. Watanni uku kafin haka, a Oktoba 2023, Jihar Katsina ta riga ta fito da irin nata. A majalisunmu da shafukan sada zumunta mun yi ta maganar motoci da babura da makamai da alawus. Akwai wata tambaya da ba mu cika yi ba, alhali ta girmi duk waɗannan: idan aka miƙa wa saurayi makami, wa zai ci gaba da renonsa bayan an watse daga filin fareti?

Ƙasar da ke tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu ta sha fuskantar wannan tambaya. Wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau zai bi ta gefen Yandoto, sannan ya hangi dutsen Kwatarkwashi. Tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba, amma tana ɗauke da tarihin yaƙi na fiye da shekara 200. A cikin wannan tarihi muna iya ganin yadda magabata suka mai da samari mayaƙa, da abin da ya faru a duk lokacin da renon ya kwance.

Bara da ubangidansa

Kafin jihadi, sarautun Hausa irin su Katsina da Gobir da Zamfara ba su da bariki irin na yau. Gidan barde shi ne makaranta. Sunayen sarautun da muka gada suna nuna yadda aka tsara aikin: Ƙaura, Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Yaƙi, Barde, Jarmai, Sarkin Baka. Kowane ɗayansu yana da barori da yaran gida da ke ci a ƙarƙashinsa.

Yaro ba ya fara da takobi. Da ciyawar doki yake farawa, da share barga, da koyon ɗaura sirdi da sa linzami. In ya yi hankali ya zama zagi, yana gudu a gaban dokin ubangidansa, yana ɗauke da bargo ko garkuwa. Ta haka yake fara jin ƙarar tambari da kururuwar fagen fama tun kafin a ba shi izinin sara. Mahayin da ya sha lifidi da kwalkwali ma ba ya iya tafiya shi kaɗai, saboda nauyin kayan. Sai da dakarun ƙasa da za su taimake shi ya hau, su tsare shi in ya faɗi. Wato babba yana bukatar ƙarami kamar yadda ƙarami ke bukatarsa. Idan yaro ya nuna jarumta, ubangida ya ba shi riga, ya ɗora shi a doki, wani lokaci har ya yi masa aure.

Wannan tsari yana da kyau ta fuska guda: babu matashin da ke riƙe da makami ba tare da an san wanda za a tambaya in ya yi ɓarna ba. Rauninsa kuma a fili yake. Biyayyar bara ga mutum take, kuma ganima ce ladan aikinsa. In ubangida ya karkace, yaransa duka sun karkace. In iyayen gida biyu suka saɓa, gari ya rabu biyu. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ta nuna inda irin wannan biyayya ke iya kai ƙasa.

Ɗalibai a fagen fama

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo da wani irin ubangida dabam, wato malami. Shehu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, saboda haka tun kafin a harba kibiya ko ɗaya yana da almajirai a wannan yanki. Da yaƙi ya ɓarke a 1804, yawancin waɗanda suka tsaya a Tafkin Kwatto ɗalibai ne da makiyaya da talakawa 'yan baka, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, ga shi kuwa Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu sulke da lifidi. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ya jagoranci jama'a, suka kuma yi nasara. Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, shekararsa 23 kacal a lokacin. A gaban mahaifinsa da baffansa ya yi karatu, a gefensu kuma ya koyi jan runduna.

Mun saba ba da labarin Tafkin Kwatto da alfahari. Abin da ya biyo baya ya fi shi darasi. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa, jama'a ta yi asarar mutane kusan 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Waɗannan su ne ƙashin bayan tarbiyyar rundunar, su ne suka san dalilin fitowa da iyakokin abin da ya halatta. Da suka ragu, sai sahu ya cika da waɗanda suka shigo daga baya, wasunsu don addini, wasu don abin da za a samu. Ga yunwa. A 1805 jama'a ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, inda da farko aka karɓe ta hannu biyu saboda tsohuwar gabar Zamfarawa da Gobir. Amma runduna mai yawa sai ta ci abinci, kuma rumbunan manoma ne mafi kusa. Ba a daɗe ba garuruwan Zamfara da dama suka juya wa jama'a baya.

A ƙarshen wannan shekarar, gab da yaƙin Alwasa, mayaƙa suka afka wa Kwalde, garin da ke da amana da jama'a, suka washe shi. Malam Abdullahi da Bello sun yi ƙoƙarin hana su, ba a saurare su ba. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa, aka yi wa jama'a mummunar ɓarna, mutane kusan dubu suka kwanta dama. Shugabannin ba su ɓoye wannan ba. Su da kansu suka rubuta shi, suka kuma danganta shan kashin da saɓon da ya gabace shi. A 1806 Shehu ya kammala littafinsa *Bayanu Wujubil Hijra*, wanda a ciki ya fayyace hukunce-hukuncen yaƙi da rabon ganima da amana. Malam Abdullahi kuwa abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu *Liya'ul Hukkam* kan yadda ake mulki da adalci.

A cikin wannan guguwa Yandoto ta faɗi. Tsohon garin malamai ne a kudu maso yammacin ƙasar Katsina, kuma da yawa daga malamansa ba su yarda da jihadin ba. Bello ya ci garin a wajajen 1806. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu daga wannan yanki, shi ya kafa Gusau, shi ya sa har gobe ake cewa Gusau ta Sambo, ana kuma kiran sarkinta Sarkin Katsinan Gusau. Sarautar Tsafe ita ma ta riƙe sunan tsohon garin, Yandoton Tsafe. A arewa, Namoda, jagoran Alibawa, yana cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, bai manta da Kwalde da Alwasa ba. Ya dage kan kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro a bakin iyaka, irin Wurno inda shi kansa ya zauna har ya rasu a 1837. A ribaɗi mayaƙi yana da gona, yana da iyali, yana da malami da alƙali a kusa, kuma shugaban da aka ɗora masa yana kwana cikin ganuwa ɗaya da shi. Hikimar a bayyane take: wanda ke noma abincinsa ba ya bukatar fasa rumbun wani, wanda kuma yake ƙarƙashin idon malami da alƙali yana tunawa da cewa takobinsa ba ya sama da shari'a. Garuruwan wannan yanki, da suka yi shekaru suna fama da hare-haren Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, a cikin irin wannan zaman ko-ta-kwana suka tashi.

Kwatarkwashi, 1903

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, alhali Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato tare da manyan hakimansa da mafi yawan baradensa. A ƙasar Zamfara labari ya riske su. Cikin dare sarki ya bar sansani. Masana tarihi sun saɓa kan niyyarsa, wasu na cewa gudu ne, wasu na cewa hijira ya nufa zuwa gabas kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi daga baya. Ko ma mene ne, gari ya waye runduna ba ta da kai. Wani ɓangare ya bi Wambai Abbas, wanda ya koma Kano ya sallama, Turawa suka naɗa shi sarki. Wani ɓangaren ya bi Waziri Ahmadu. Shi Alu an kama shi daga baya, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

A ƙarshen watan Fabrairu, a Kwatarkwashi da ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta yau, mutanen Waziri suka yi karo da wata 'yar ƙaramar tawagar sojan doki ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. A rahoton Turawa, mutanensa ba su kai 50 ba, na Kano kuwa dawaki 1,000 ne da dakaru 2,000, aka kuma yi kusan awa biyu ana fafatawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, tazarar tana da girma. Sojojin suka sauka daga dawakinsu, suka ja sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, suka riƙa sakin wuta tare bisa umarni. Baraden Kano suka yi ta kai sukuwa suna faɗuwa. Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin, shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. An ba Wright lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta ta Ingila.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne su wane ne ke cikin wannan sahu. Ban da Turawa ƙalilan, sauran duk baƙaƙen fata ne. Tun 1863 Kyaftin Glover ya fara tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya mai da su 'yan bindigar gwamnati. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, kuma Hausawa da Yarbawa ne suka cika ta. Ba jarumta suka fi baraden Kano ba. Bindiga mai cin harsashi ta taimaka, babu shakka. Amma kafin mutum ya tsaya cik doki na zuwa kansa a sukwane, ya jira sai an ce ya harba, sai an yi watanni ana maimaita masa abu ɗaya a filin fareti, sai kuma ya amince cewa na kusa da shi ba zai gudu ba, mai ba da umarni kuma yana nan a tsakiyarsu.

Shekara uku bayan haka aka ga ɗaya fuskar. Ranar 14 ga Fabrairu 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, irin wannan kamfani na sojan doki ya je kama masu tawaye. Jami'in mulki ya yi gaba don ya yi magana da mutanen gari, hafsan soja ya matsa don ya kare shi, ba a gama jan sahu ba talakawa masu gatari da fartanya da baka suka auka musu. Turawa uku da sojoji 25 suka mutu. Bindigogin iri ɗaya ne da na Kwatarkwashi. Umarni ne ya rikice. A watan Maris aka dawo da babbar runduna, aka kashe mutanen Satiru kusan 2,000, aka shafe garin. Sojojin da suka yi wannan kisa horarru ne, masu bin umarni sau da ƙafa. Wannan ma darasi ne: horo yana sa mutum ya tsaya a sahu, amma ba ya gaya masa ko abin da aka sa shi daidai ne.

Zamanin samanja

A 1924 aka kafa makarantar horar da kuratan soja a Zariya, wadda har yau ita ce babbar ƙofar shiga soja ga ƙananan ma'aikata. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, hanyar bariki ta buɗe wa samarin Zamfara kamar yadda ta buɗe wa gyaɗa da auduga. Hausa ce harshen aiki a rundunar, har ta haifi abin da muke kira Barikanci. Kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja da fareti duk daga can muka same su.

Hafsoshin Turawa zuwa suke su tafi. Wa'adinsu ya cika su koma gida, wasu ko Hausa ba su gama ji ba. Wanda ke nan kullum shi ne samanja. Shi ya san wane kurtu ne ke kewar gida, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne ke da zafin hannu. Shi ke raba faɗan matan bariki, shi ke kai kuka gaban hafsa, shi kuma ke hukunci tun laifi bai girma ba. A wata ma'ana, tsohon ubangida ne ya dawo cikin kaki, sai dai yanzu akwai doka a samansa, kuma albashi ya maye gurbin ganima.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, sojojin Ingila suka kama shi a 1915, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917. Ya kai matsayin babban samanjan bataliya, ya je yaƙin Habasha, ya je Bama, bai ajiye kaki ba sai 1953, aka kuma ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. A hannun irinsa samarin da ba su taɓa ganin teku ba suka shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, suka ratsa dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen barikokinmu, irin su Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna da Dodan a Legas, daga wannan yaƙi aka ɗauko su.

A 1954 aka buɗe sashen yara a Zariya, wanda ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya, inda ake haɗa karatun boko da horon soja tun ƙuruciya. A 1964 aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, kuma a cikin rukuninta na farko akwai wani matashi ɗan Gusau, Aliyu Muhammad Gusau, wanda daga baya ya zama janar, ya riƙe muƙamin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da na ministan tsaro.

Abin da ya rage gare mu

Zamfara ta zama jiha a 1996. Yau Gusau mazaunin birged ta ɗaya ce ta sojan ƙasa, kuma shekaru ke nan ana gudanar da farmaki iri-iri daga nan, Sharan Daji, Hadarin Daji, Fansan Yamma. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, tana cikin hanyoyin da matafiya ke bi da addu'a a baki. Matasa masu makami sun kasu gida-gida: soja, 'yan sanda, askarawa, 'yan sa-kai, da kuma waɗanda ke daji.

Mu lura da kalmar da muke amfani da ita. Idan an kai hari, cewa muke “yaran wane ne”. Wato su ma na daji suna da iyayen gida da ke ba su babur da bindiga da kaso daga kuɗin fansa. Tsohon tsarin barantaka ne, an cire masa malami da alƙali, an bar ganima zalla. 'Yan sa-kai kuwa sun taso ne daga zafin abin da aka yi wa garuruwansu, amma da yake babu wanda ke da ikon ce musu a'a a ji, an sha zarginsu da kashe mutane a kasuwanni ba tare da shari'a ba, abin da ya ƙara rura wutar ramuwa, har hukumomi suka sha haramta ayyukansu. Wanda ya san labarin Kwalde ba zai yi mamakin wannan ba.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi game da askarawa da kuratan soja ƙanana ne, amma su ne ainihin maganar. Mutum nawa ne ke ƙarƙashin kowane shugaba, kuma a ina shugaban ke kwana, a ƙauye tare da su ko a birni? Ana biyan haƙƙinsu a kan lokaci, ko an bar su su nemi na abinci a shingen hanya? Idan ɗayansu ya ci zarafin manomi ko makiyayi, gaban wa za a kai ƙara, kuma an taɓa ganin an hukunta wani? Idan ya faɗi a bakin aiki, wa ke zuwa gidan matarsa bayan sadakar bakwai? Akwai tsofaffin saje da samanja da suka yi ritaya a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda suka ga Laberiya da Saliyo da dajin Sambisa. Nawa ne a cikinsu aka kira aka ce ga yara goma, riƙe su? Sannan in Allah Ya kawo zaman lafiya, wace sana'a ce ke jiran saurayin da bai iya komai ba sai harbi?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kurtu na wata shida a Zariya ya fito, askari ya gama nasa horon a sa masa kaki, amma a shekarun da ke biye ne halinsa zai kafu, a hannun wanda yake gani kullum. Muhammadu Bello ya gane haka bayan an yi asarar rayuka masu yawa, shi ya sa ya haɗa mayaƙi da gona da malami da alƙali a wuri ɗaya. Samarin da muke bai wa makami yau ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma cikinmu za su dawo da zama in an gama. Yadda aka riƙe su yanzu, haka za mu same su a lokacin.